Yunwar Da Yarinya Ke Saka Wa Kanta: Abin Da Aka Gano A Tsakanin 'Yan Matan Larabawa Da Na Yahudawa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan uwa masu aikin sa-kai ya gabatar a zaman matasa na mako-mako. Mun taƙaita gabatarwar, mun kuma bar tambayoyin da suka biyo baya saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa tsarkaka da sahabbansa managarta. 

Na san da aka faɗi maudu'in yau wasu sun yi murmushi. A ƙasar da magidanci yake kwana yana lissafin kuɗin kwanon masara, a tara samari a ce za a yi musu maganar 'yan matan da abinci yake gabansu amma suka ƙi ci, kuma 'yan matan ma na wata ƙasa ne can mai nisa? To ku ba ni aron kunnuwanku, in sha Allahu kafin mu tashi kowa zai ga inda maganar ta taɓa shi.

Ƙasar da muke magana a kai ita ce Falasɗinu, ɓangaren da aka kafa Haramtacciyar Ƙasar Isra'ila a kai a shekarar 1948. A wannan shekarar an kori Falasɗinawa wajen 750,000 daga gidajensu, amma kimanin 150,000 sun rage a ciki. Jikokin waɗannan da suka rage a yau sun kai mutum miliyan 2, wato kusan ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Su ne mazauna Nasira da Ummul Fahm da ƙauyukan Jalil da saharar Naƙab. Mafi yawansu Musulmi ne, akwai Kirista, akwai Duruzawa. Makarantunsu dabam ne da na Yahudawa, da Larabci ake koyar da su, garuruwansu ma galibi dabam ne. Kun san yunwar da aka jefa mutanen Gaza a ciki, har a watan Agustan 2025 hukumar da ke auna yunwa a duniya ta tabbatar cewa birnin Gaza da kewayensa sun faɗa cikin matsananciyar yunwa. Wannan yunwa ce da azzalumi ya ɗora wa mutane da bindiga, mun yi magana a kanta, za mu kuma ci gaba da yi. Ta yau wata iri ce dabam, yunwar da yarinya take ɗora wa kanta da hannunta saboda an sa ta tsani jikin da Allah Ya ba ta.

Likitoci suna da suna ga wannan ciwo. Na farko shi ne anoreksiya, wani likitan Ingila mai suna William Gull ne ya raɗa masa sunan a 1873. Yarinya za ta rage ci, ta ƙara ragewa, har ta zama ƙashi da fata, amma in ta dubi madubi sai ta ga wai har yanzu tana da ƙiba. Jinin al'ada yakan ɗauke, gashin kai ya riƙa zuba, ƙashi ya yi rauni tun tana ƙarama, bugun zuciya ya ragu, ta riƙa jin sanyi ko da ana zafi. Na biyu shi ne bulimiya, wanda wani likita a Landan, Gerald Russell, ya bayyana a 1979. Ita wannan za ta ci abinci mai yawan gaske a ɓoye a lokaci guda, sai nadama ta kama ta, ta shiga bayi ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar, ko ta sha maganin gudawa. Aman nan na yau da gobe yana cinye haƙora, yana kuma rage wani gishiri a cikin jini da ake kira fotasiyam, wanda in ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya tsayawa farat ɗaya. Kar wani ya ɗauka yanga ce ko shagwaɓa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kashe masu fama da su.

Shekara da shekaru ana cewa ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne masu kuɗi, bai shafi Larabawa ba, bai shafi baƙar fata ba. Dalili kuwa shi ne a al'adar Larabawa, kamar tamu, mace mai jiki ita ce ake yabo, ana ganin alamar lafiya ce da wadata. To sai masu bincike suka ga Falasɗinu wuri ne da za a iya gwada wannan magana, tunda ga al'ummomi iri-iri a ƙasa ɗaya, wasu sun rungumi rayuwar Turawan Yamma baki ɗaya, wasu suna riƙe da al'adunsu.

Abin da suke aunawa da shi wata takardar tambayoyi ce da wasu masana biyu, Garner da Garfinkel, suka tsara a birnin Toronto na Kanada a 1979, aka rage ta zuwa tambaya 26 a 1982, ana ce da ita EAT-26. Ana tambayar yarinya ko tana tsoron ƙiba, ko tana jin laifi bayan ta ci abinci, ko tana ƙin ci alhali tana jin yunwa, ko tana amai da gangan. Wadda makinta ya kai 20 ko fiye, ana cewa a lura da ita. Ku riƙe wannan da kyau: samun maki 20 ba yana nufin an tabbatar tana da ciwon ba, yana nufin tana kan hanyar da in ba a tare ta ba za ta iya kaiwa can. Na faɗi haka ne don kar wani ya fita nan ya riƙa yaɗa abin da ba a ce ba.

A 1994 wani likitan ƙwaƙwalwa, Alan Apter, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan 'yan matan sakandare sama da 700, Yahudawa da Larabawa. A ɓangaren Yahudawa akwai 'yan birni, akwai 'yan ƙauyukan nan na haɗin gwiwa da ake kira kibuz, inda ake noma tare a ci abinci a ɗaki guda. A ɗaya ɓangaren akwai Musulmi, Kirista, Duruzawa, Larabawan daji da kuma Sharkasawa. Su Sharkasawa Musulmi ne 'yan asalin tsaunukan Kokasas, Daular Usmaniyya ce ta zaunar da su a can a ƙarni na 19, suna zaune a ƙauyuka biyu kacal, Kafar Kama da Rihaniya, suna riƙe da yarensu da al'adarsu gam. Sakamakon ya nuna 'yan matan kibuz ne suka fi kowa kama da marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, Sharkasawa kuma su ne a ƙasa. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Abin da ya ba da mamaki shi ne 'yan matan Larabawa Musulmi ba su tsira ba, makinsu yana sama, kusa da na waɗanda aka fi jin tsoro a kansu.

Bayan wannan sai wata farfesa a Jami'ar Haifa, Yael Latzer, wadda ta kafa sashen kula da masu wannan ciwo a asibitin Rambam, ta ci gaba da bibiyar lamarin tare da Orna Tzischinsky da wani farfesa Balarabe, Faisal Azaiza. A binciken da suka buga a 2009 sun tambayi 'yan matan Larabawa sama da 1,100, mafi yawansu Musulmi, sai Kirista da Duruzawa. Kimanin ɗaya cikin huɗu ta tsallake makin nan na 20. 'Yan uwa, ku duba sahun da kuke zaune, ku ƙirga mutum huɗu. Haka abin yake a ajin 'yan mata a garuruwan da ake kiran salla sau biyar a rana. Wani abin lura kuma shi ne, duk da wannan adadi, 'yan matan Larabawa kaɗan ne ƙwarai ake kai wa asibitocin da ke maganin ciwon. Akwai kunya, akwai tsoron kar a ce 'yar gidan wane tana da taɓin hankali ta rasa miji, akwai matsalar yare, akwai kuma rashin yarda da hukumomin da suka zalunce su a wasu fagagen. Wato ciwon ya iso gidajensu, maganin bai iso ba.

To yaya aka yi? Mutanen da aka raba musu makaranta, aka raba musu unguwa, ba sa auratayya, tarihi ya sa gaba a tsakaninsu, amma 'ya'yansu mata suna tsaye gaban madubi suna kuka iri ɗaya? Amsar ita ce akwai abin da ba ya neman izinin shiga gari, shi ne hoto. Allon talla da ke bakin titin Haifa ba ya tambayar addinin mai kallo. Tashar talabijin daga Bairut ko Alƙahira ko Amurka duk mace iri ɗaya take nunawa, doguwa siririya, a ce wannan ita ce kyakkyawa, saura kuma su yi ta ƙoƙari.

Akwai hujjoji biyu daga wasu wurare da suke ƙarfafa wannan. A 1986 wata likita 'yar Masar, Mervat Nasser, ta gwada ɗalibai mata Larabawa da ke karatu a Landan da 'yan uwansu da ke karatu a Alƙahira. Na Landan kashi 22 cikin 100 suka nuna alamun damuwa, na Alƙahira kashi 12. Jini ɗaya, addini ɗaya, abin da ido ke gani ne ya bambanta. Na biyu ya fi wannan fitowa fili. A tsibirin Fiji akwai wani yanki da talabijin bai isa ba sai a 1995, kuma mutanen wurin suna son mace mai jiki kamar yadda kakanninmu suke so. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta auna 'yan matan makaranta a lokacin da talabijin ya shigo, ta sake aunawa a 1998. A karo na farko ba a sami ko ɗaya da take amai don ta rame ba. Bayan shekara uku an sami kashi 11 cikin 100. Wannan fa talabijin ne da ake kallo a falo tare da iyaye. Ina ga wayar da yarinya take kwana da ita a ƙarƙashin matashi? A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin, inda binciken su da kansu ya nuna kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata sun ce in suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram yana ƙara musu wannan jin.

Su kansu hukumomin Isra'ila abin ya kai su bango. A 2007 wata mai tallan kayan sawa, Hila Elmalich, ta mutu da wannan ciwo, nauyinta bai kai kilo 30 ba, mace baliga fa. Wani mai ɗaukar hoto a harkar, Adi Barkan, ya yi ta fafutuka har majalisarsu ta kafa doka a 2012, ta fara aiki a 2013, cewa ba za a sa mace a talla ba in ma'aunin jikinta ya gaza 18.5, kuma in an yi amfani da kwamfuta an rage jikin mace a hoto dole a rubuta a jikin tallan. Wannan ma'auni, ga mai son lissafi, nauyin mutum ne a kilo a raba da tsawonsa a mita sau kansa. Mace mai tsawon mita 1.60 kenan kar ta gaza kilo 47 da ɗan ɗoriya. Faransa ma ta yi irin wannan doka a 2015. Ku duba tsarin jari-hujja: shi ya ƙirƙiri ciwon don ya sayar da riga da man shafawa da maganin rage ƙiba, sai da gawa ta fara fitowa sannan aka koma ana rubuta doka.

Yanzu wani zai ce, to Alhamdu lillahi, mu muna da addini, ƙannenmu suna sa hijabi, wannan bai shafe mu ba. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma rabinta ce. Latzer ɗin nan da abokan aikinta sun yi wani bincike a 2007 a kan 'yan matan Yahudawa masu riƙo da addininsu, suka ga duk wadda ta fi riƙo da addini ta fi kuɓuta daga wannan damuwa. Wannan abin fahimta ne, domin yarinyar da ta san darajarta tana wurin Mahaliccinta ba ta rataya rayuwarta a kan sikeli. Amma a 2011 jaridar New York Times ta kawo rahoto cewa malaman Yahudawa a Amurka suna kokawa da yaɗuwar ciwon a gidajen masu tsananin riƙon addini, waɗanda 'ya'yansu mata suke rufe jiki, ba sa cuɗanya da maza. Ta ina ya shiga? Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce neman aure. Su ma suna da masu dalilin aure kamar yadda muke da su, kuma sai ka ji dangin saurayi suna tambayar lambar rigar da yarinya take sawa, har ma da ta uwarta, wai don a san yadda za ta koma nan gaba. Ka ga saurayin yana zuwa wurin ibada, yana karanta littafinsa, amma ma'aunin da yake auna mace da shi daga allon talla ya ɗauko shi.

A nan maganar ta iso kanmu, ya ku samari. Hijabi yana rufe jikin 'yar uwa daga idon ɗan titi, amma ba ya rufe kunnenta daga bakin yayanta. Kai da kake ce wa ƙanwarka buhu, ko tulu, ko ka ce da ɗayar sillan kara, kana dariya, kai ka manta kafin la'asar, ita kuwa ta tafi da kalmar makwancinta. Kai da za a nuna maka 'yar mutane mai tarbiyya, ta sauke Alƙur'ani, ka ce wa abokanka ai ba ta da diri, kuma maganar ta zaga ta koma kunnenta. Mu duba Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31: da maza aka fara umarnin kame ido kafin a zo kan mata. Idon da ya saba da hotunan waya ba zai gamsu da halittar Allah ta gaskiya ba, sai ya riƙa neman abin da kwamfuta ta gyara. Suratul Hujurati aya ta 11 kuma ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, ta ma ware mata ta ambace su a kan wannan.

Tarihin Manzon Allah (SAW) ya ishe mu. Wata rana Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya, iska ta yaye tufarsa, mutane suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya, Manzo (SAW) ya sanar da su cewa waɗannan ƙafafun sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Sannan ga Uwar Muminai Safiyya 'yar Huyayyu, wadda asalinta Bayahudiya ce daga Banu Nadir. An taɓa yin nuni da gajartarta a gabansa, ya nuna tsananin munin wannan kalma, har ya kwatanta ta da abin da zai iya gurɓata ruwan teku. An kuma goranta mata cewa ita 'yar Bayahude ce har ta yi kuka, ya rarrashe ta, ya tuna mata cewa ita tsatson Annabawa ce. Saboda haka kar in ji wani ya ce Allah Ya ƙara don an ce 'yar Bayahude tana fama da ciwo. Rigimarmu da mamaya ce da zalunci da masu yin su. Yarinya 'yar shekara 15 da take amai a ɓoye a Tel Abib ita ma kasuwa ce ta cinye ta, kasuwar da take harin ƙanwarka.

Za ku ce a nan ai ba a cika neman rama ba. Haka ne, galibi namu ya juya ta ɗaya gefen, amma tushen ɗaya ne. Wa bai san sha-ka-fashe ba? 'Yan mata, musamman in biki ya matso, suna sayen ƙwayoyi a kemis ko wurin masu talla a kasuwa don su yi ƙiba su cika ido. Cikin abin da ake sha akwai deksametazon, wanda magani ne mai ƙarfi na wasu cututtuka dabam. Ƙibar da yake kawowa ta kumburi ce: fuska ta yi fam, ruwa ya taru a jiki, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga raunin ƙashi, garkuwar jiki ta faɗi, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya daina rana ɗaya yana iya faɗuwa. Haka man bilicin. Ta Haifa tana ƙin ci don ta yi daidai da hoto, tamu tana haɗiyar ƙwaya don ta yi daidai da abin da ta ji samari suna yabo a majalisa. Kuma tunda waya ta shigo, masu son ramar ma ba za a rasa su a makarantunmu na kwana ba.

Wani abu da ya kamata masu addini su sani shi ne wannan ciwo yana iya ɓuya a bayan ibada. Likitocin da suke kula da Musulmi sun lura watan Ramadan yana da wuya ga mai fama da shi, haka ranakun azumin Yahudawa ga nasu, domin a nan ne ƙin cin abinci yake zama abin yabo. Yarinya za ta jera nafila, Litinin da Alhamis, ta ƙara da wasu, ba sahur, buɗa-baki da ruwa da dabino ɗaya, gida kuwa ana ta sa mata albarka. Alhali Manzo (SAW) ya hana haɗa azumi kwana biyu ba buɗa-baki, ya kuma taka wa Abdullahi ɗan Amru birki da ya ce zai yi azumi kullum, ya tuna masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Hadisin nan na raba ciki kashi uku ma da muke yawan kawowa, ai kashi ɗaya na abinci ne, ba a ce a bar shi fayau ba. Mara lafiya kuma Suratul Baƙara ta yi masa rangwame a kan azumin farilla ma, balle na nafila.

Saboda haka in ka ga ƙanwarka ko matarka ta fara gudun cin abinci cikin mutane, kullum ta ce ta ƙoshi, tana shiga bayi da zarar an gama ci, tana ramewa da sauri, tana sa kaya a kan kaya tana kukan sanyi, ko kuwa fuskarta ta kumbura cikin 'yan makonni ka kuma ga ƙwayoyi a jakarta, to kar ka yi mata tsawa, kar ka tara mata 'yan gida, kar kuma ka tsaya a kanta da bulala ka ce sai ta cinye kwano. Ka sami mahaifiya ko wata babbar yaya da take jin maganarta, ku yi shawara a asirce. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka gani, domin in ba a faɗa ba sai a yi ta maganin taifot da olsa ana ɓata lokaci. Wadda ta daɗe ba ta ci sosai, ɗura mata abinci mai yawa a lokaci guda yana iya taɓa zuciyarta, sai a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Mai shan deksametazon ita ma likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan har ta rabu da shi.

Lokacin da aka ba ni ya ƙare.